Okap: Kalma Ɗaya da ta Raba Gari Tsakanin Mutanen Cek da na Polan

Akwai wani gari a kan iyakar Polan da Jamhuriyar Cek wanda kogin Olza ya ratsa ta tsakiyarsa. Da can gari ɗaya ne, sai a 1920 aka tsaga shi biyu: gaɓar gabas ta zama Cieszyn a hannun Polan, ta yamma ta zama Český Těšín. Tun ƙarshen 2007, da ƙasashen biyu suka shiga tsarin Shengen, wato yarjejeniyar Turai da ta ɗage binciken kan iyaka, mutum yakan taka gada da ƙafa ya je cefane a ɗaya ƙasar ya dawo ba wanda ya ce masa kanzil. To a ce wani magidanci daga can cikin ƙasar Cek, wanda bai saba da bakin iyaka ba, ya haye gadar ya shiga shagon kayan gini, ya ce wa mai shago yana son okap mai tsawon mita huɗu.

Mai shagon ba zai ce bai gane kalmar ba, don tasa ce shi ma, haruffa huɗu, furuci ɗaya. Sai dai zai yi sororo, domin a Polan okap ɗin da ake saye a cikin kwali shi ne murfin nan da ake kafawa a saman murhun girki ya zuƙe hayaƙi da tururi, kuma galibi faɗinsa santimita 60 ne ko 90. Wa ke da murhu mai mita huɗu? Shi kuwa baƙon, abin da yake nufi shi ne dogon makwararin ƙarfe da ake ratayawa a bakin rufi ya tare ruwan sama. Da ya ce rynna da tuni an ɗauko masa. 'Yan garin kansu ba sa faɗawa wannan rami, suna da karin harshensu da suke kira po naszymu, wato "irin tamu", kuma kunnensu ya saba da ɓangarorin biyu. Na nesa ne ke shan kunya.

Kafin a shiga cikin kalmomin, gara a raba kayan tukuna, don rikicin duka daga cakuɗa su yake tasowa. Rufin can mai gangara ne, saboda ruwa da dusar ƙanƙara. Akwai leɓen rufin, wato ƙarshensa na ƙasa da ya zarce bango ya yi masa lema. Akwai makwararin da ke kwance a ƙarƙashin leɓen daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar an tsaga bututu gida biyu an ɗaga rabi. Sannan akwai bututun da ke tsaye jikin bango, mai karɓar ruwan daga makwarari ya sauke shi ƙasa. Indararon da muka sani a kan soro ba ɗaya daga cikin ukun nan ba ne, shi yana harbo ruwa ne waje ya bar shi ya faɗi inda ya ga dama. Yana da nasa sunan a harsunan biyu, za mu zo kansa.

Cekanci da Polanci 'yan ɗaki ɗaya ne a dangin harsunan Silab na yamma, kuma okap gadonsu ne su biyun. Tushenta sautin ɗigar ruwa ne. "Ɗiga" a Cekanci kapat, a Polanci kapać, kuma yaro a ƙasashen biyu idan yana kwaikwayon ruwa yana ɗis-ɗis, kap kap zai ce. Saboda haka okap a asali wurin da ruwa ke ɗiga ne, leɓen rufi ke nan, tun zamanin da ake rufi da ciyawa ba a san wani makwarari ba. Har nan ba saɓani.

Saɓanin ya zo ne da makwararin ya shigo. Mutanen Cek suka bar tsohon sunan ya zame daga leɓen rufi ya faɗa kan sabon abin da aka rataya masa. Ƙamusunsu har yau yana ba da ma'anonin biyu, amma a bakin mutane, idan wani ya ce zai hau tsani ya share okapy a kaka, ganyen da ya toshe makwarari yake nufi. Da kalmar ta koma can, sai mai son ya ambaci leɓen rufin ba tare da ruɗani ba ya ce přesah střechy, "zarcewar rufi". Mutanen Polan kuwa suka bar okap a inda take, suka ari sunan sabon abin daga Jamusanci: Rinne ta zama rynna. Sannan suka miƙa okap wani ɓangaren daban, ga duk abin da ya yi rumfa a kan wani abu, har ta isa kicin. Ɗan Cek ba ya kiran na'urar kicin da wannan suna ko kusa, digestoř yake cewa.

A nan ne labarin yake da nama, domin tambayar da ke biye ita ce: me ya sa Polan ta ara, Cek ba ta ara ba? Amsar da ake saurin bayarwa ita ce mutanen Cek sun tsabtace harshensu daga Jamusanci. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce.

Jamusawa masu sana'a sun kwararo ƙasashen biyu tun ƙarni na 13. An kafa birane da yawa bisa dokar birni ta Magdeburg da ke Jamus, Krakow ta Polan ma an sake tsara ta a kan wannan doka a 1257, bayan ɓarnar da Mongol suka yi mata a 1241. Magina da maƙera da ƙungiyoyinsu na sana'a suka zo da kayan aikinsu da sunayen kayan. Shi ya sa Polanci ya cika da su: dach rufi, cegła tubali, blacha fallen ƙarfe, dekarz mai aikin rufi, gzyms ɗan tudun ado da ke zagaye saman bango, har ratusz da burmistrz, zauren gari da magajin gari. Haka aka yi a Bohemiya da Morabiya, manyan yankunan ƙasar Cek, ƙila ma fiye, don Jamusanci ya fi kusa da su. Bayan kashin da mutanen Bohemiya suka sha a yaƙin Farin Dutse a 1620 kuwa, sannu a hankali Jamusanci ya mamaye ofis da makaranta da gidajen manya, Cekanci ya koma harshen ƙauye da na barori.

Da masana suka tashi farfaɗo da Cekanci daga ƙarshen ƙarni na 18, sai ya zama harshen rubutu ana sake gina shi ne da gangan, kalma bayan kalma. Josef Jungmann ya fitar da ƙamusinsa na Cekanci da Jamusanci mai juzu'i biyar tsakanin 1834 da 1839, kuma inda ya sami giɓi yakan tono tsohuwar kalma, ko ya ƙirƙira, ko ya ara daga 'yan uwa kamar Rashanci da Polanci. Kalmar da ke warin Jamusanci akan tura ta tsakar gida. Ba ta mutu ba fa. Rinne ɗin nan da ta zama rynna a Polan tana nan a Cekanci a matsayin rýna, ana jin ta musamman a Morabiya, amma ba ta shiga takardar kwangila. A takarda žlab ake rubutawa, ko okapový žlab. Polan ba ta taɓa rasa harshenta na rubutu irin haka ba, ko da maƙwabta suka rarrabe ƙasar tsakanin 1772 da 1795, kuma kalmomin da ta ara tun tsakiyar zamanai sun daɗe da zama 'yan gida. Ba wanda ke jin dach a matsayin baƙuwa, kamar yadda Bahaushe ba ya jin baƙuntar "kasuwa" ko "littafi".

Idan aka jera wasu kalmomin gefe da gefe, bambancin yana fitowa fili. Mai aikin rufi a Cek pokrývač ne, "mai rufewa", a Polan dekarz daga Jamusanci. Katakon da ke kwance a kan bango yana ɗauke da ƙafafun rufi, a Cek pozednice, "mai bin bango", a Polan murłata, wadda Mauerlatte ce ta Jamusawa aka lanƙwasa. Ƙugiyar da ke riƙe makwarari, ɗan Cek ya ce žlabový hák, tsohon ma'aikaci a Polan ya ce rynajza, daga Rinneisen, "ƙarfen makwarari", ko da yake kasidun kamfanoni sun fi son hak rynnowy.

Amma ni ban yarda a tsaya nan a ce Cekanci tsarkakakke ne, Polanci ya sha gauraye ba. Wanda ke lanƙwasa makwararin da hannunsa a Cek sunansa klempíř, kuma wannan Jamusanci ne tsantsa, ɗan uwan Klempner. Ƙarfen da yake aiki da shi plech ne, daga Blech, tushe ɗaya da blacha ta Polan. Bututu roura ne a nan, rura a can, duka daga Jamus. Akwatin da ke gindin bututu yana tace ganye da yashi kafin ruwa ya shiga ƙarƙashin ƙasa, sunansa a takarda lapač střešních splavenin, jimla guda, amma kowa gajgr yake cewa, daga sunan Jamusawa Geiger. Idan kuma aka juya ga aikin katako, sai a ga harsunan biyu sun koma gida tare: ƙafar rufi krokev ce da krokiew, kafinta tesař da cieśla, allunan da ake lulluɓe ƙasan leɓen rufi da su podbití da podbitka, duka ma'anarsu "abin da aka buga daga ƙasa". Abin da na fi gani shi ne layin ya fi bin kayan aiki fiye da iyakar ƙasa: abin da aka gada daga zamanin gatari da ciyawa yawanci sunansa na gida ne a ɓangarorin biyu, abin da ya zo da ƙarfe da birni yawanci ya zo da sunan Jamus. Masu gyaran Cekanci sun goge wasu, wasu sun fi ƙarfinsu.

Kalmar rufi kanta ta nuna haka da kyau. Střecha ta Cek da strzecha ta Polan kalma ɗaya ce, rubutu ne ya bambanta. Inda Cek ke sa ƙaramar alama a kan r, Polan tana rubuta rz. A Prag, babban birnin Cek, střecha rufin kowane gini ne, na coci ko na tashar jirgin ƙasa, har na mota. A Warso, babban birnin Polan, kuwa, da dach ta shigo ta karɓe rufin birni, sai strzecha ta tsuke ta zama jinka kawai, rufin ciyawa na bukkar ƙauye. Har suna da salon magana, trafić pod strzechy, "isa ƙarƙashin jinka", wanda ake faɗa idan abu ya kai ga talakawa ya zama ruwan dare. Ɗan Cek da zai yaba wa maƙwabcinsa ɗan Polan sabon gida ya ce strzecha ɗinsa ta yi kyau, ya ce masa ne yana zaune a bukka.

Tsororuwar rufi, inda gangara biyu suka haɗu a sama, ita ce ta fi ba ni sha'awa. Mutanen Cek suna ce mata hřeben, wanda kuma shi ne mataji, da zankon zakara, da doron dutse. Polanci yana da 'yar uwar kalmar, grzebień, amma ya bar ta ga mataji da zakara. Tsororuwar rufi kalenica ce a wurinsu, kuma sunan ya fito daga aikin da ake yi mata a da: a jiƙa damin ciyawa a cikin kwaɓaɓɓen yumɓu, a jera a saman jinka don ruwa ya rasa ta inda zai shiga. "Wadda aka shafa wa laka" ke nan. Yau ana kiran tsororuwar rufin gilashi da ƙarfe da wannan suna ba wanda ya tuna da lakar.

Žlab ma tana da nata tarkon. Asalinta komin dabbobi ne, gungumen da aka fafe ake zuba wa shanu abinci, kuma makwararin farko haka yake, itace ne aka fafe aka ɗora a bakin rufi. Cekanci ya riƙe ma'anonin biyu. Polanci yana da kalmar a siffar żłób, amma ta tsaya a garke, ƙaramarta kuma, żłobek, ita ce gidan rainon jarirai. Daga žlab ne Cek ta samo úžlabí, kwarin da ke tsakanin rufi biyu da suka haɗu, wanda a Polan ake kira kosz, wato kwando.

Sai karin magana, wadda ita ce hanyar da yawancin masu koyon harsunan nan ke fara cin karo da kalmomin. Inda mu muke cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ɗan Cek yana cewa z deště pod okap, "daga ruwan sama zuwa ƙarƙashin okap", ɗan Polan ya ce z deszczu pod rynnę, "daga ruwan sama zuwa ƙarƙashin rynna". Jamusawa ma suna da ita da kalmar Traufe, wadda ita ma daga "ɗiga" ta fito. Wanda ya san gidajen yau kawai zai ce maganar ba ta da kai, don ƙarƙashin makwarari ai nan ne busasshen wuri. Sai an koma gidan da. Leɓen rufin da ba shi da makwarari yana tattaro ruwan rufin duka ya zubo shi a layi ɗaya kamar labule. Lissafin ba wuya: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 a ruwan milimita 20 zai sauke lita 2,000. Wanda ya ruga ya tsaya daidai layin nan ya fi na tsakiyar fili jiƙa. Wannan shi ne okap na karin maganar Cek, da tsohuwar ma'anarsa ta leɓen rufi, wadda maganar yau da kullum ta kusa mantawa. Rynna ta Polan kuma ita ce ta zamanin da ba bututu, makwararin yana leƙowa kan titi ya kwararo ruwa daga sama. Duk wanda ya taɓa bi ta lungu a cikin birnin Kano ko Zariya ana ruwa, indararo ya sauke masa a ƙeya, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Shi indararon, a manyan gine-ginen da, sassaƙa shi ake yi da siffar dodo ko dabba, ruwan na fita ta baki. Cocin Vitus da ke fadar Prag cike yake da su, haka a fadar Wawel ta Krakow akwai na ƙarfe masu kan dodo. Mutanen Cek suna ce masa chrlič, "mai fesowa". Mutanen Polan ba su yi kara ba, rzygacz suka sa masa, "mai amai", daga wata kalma da ba a faɗa a gaban baƙi. Mai jin nauyin faɗarta yakan fake da gargulec, wadda aka aro daga Faransanci. Kwatar bakin titi da ruwan ke ƙarewa a ciki kuma, a Polan rynsztok ce, daga Jamusanci, kuma kamar a wurinmu, ita ake jingina wa zagi da ƙazamar magana.

Bututun tsaye bai da wani dogon labari. Svod ne a Cek, "mai saukarwa", rura spustowa a Polan, ma'ana kusan ɗaya. Sai dai a bakin mutanen gari duka wannan rabe-raben rushewa yake: ɗan Cek zai ce ɓarawo ya hau ta okap, ɗan Polan ya ce ta rynna, alhali su biyun bututu suke nufi. Masu sana'a ne kawai ke damuwa da bambancin, kuma da dalili, su ne za su biya idan aka kawo kayan da ba shi ba.

Ƙananan kayan haɗi sunayensu daga jiki da kicin suke. Lanƙwasar bututu gwiwa ce a harsunan biyu, koleno da kolanko. Marfin da ke toshe ƙarshen makwarari, ɗan Cek ya gan shi goshi, čelo, ɗan Polan ya gan shi ɗan gindin tukunya, denko. Mazurarin da ke haɗa makwarari da bututu a Cek kotlík ne, ƙaramar tukunya. A Polan ana cewa lej spustowy, amma a wurin aiki sztucer ya fi yawo, kuma wannan kalmar ita ce dai sunan bindigar farauta. Yaron aiki da ya ɗaga kai ya ce "panie majster", wato maigida, "sztucer nawa za a kawo?", ba shirin harbin barewa yake ba.

Ko an gama da kalmomi, lambobi na jira. Idan ɗan Cek ya ce makwarari mai 330, ba faɗin bakinsa yake nufi ba. Faɗin fallen ƙarfen ne tun yana shimfiɗe kafin a lanƙwasa shi, abin da suke kira rozvinutá šířka, kuma awon maƙeri ne da ke yanka ƙarfe da kansa. A Polan an fi sayarwa da faɗin baki, a haɗa da na bututu, a ce 125/90 ko 150/100. Mai 330 na Cek shi ne kusan mai 150 na Polan, mai 280 kuma kusan mai 125. Wanda ya ɗauki lambar wannan ƙasa ya kai wa mai shagon waccan, za a ɗauka rufin filin wasa zai yi. Gangarar da ake ba makwarari dai ba a faɗa a kanta, spád a nan, spadek a can, kimanin milimita 3 zuwa 5 a kowace mita, ta yadda mai tsawon mita 10 zai sauka 'yan santimita daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Idan hunturu ya kama, dusar ƙanƙarar da ke kan rufi takan narke da rana, ta gangaro, ta daskare a leɓe da dare, sai a wayi gari tsinkayen ƙanƙara sun yi reto a jere, wasu tsawon hannu, kaifi kamar mashi. A birane har igiya ake ja a gefen titi don kada su faɗo wa masu wucewa. A Cekanci sunan tsinken rampouch. A Polanci sopel. Ɗan Polan da ya tsaya a Český Těšín ya nuna wa mai gida sama ya ce masa sopel na rataye a gabansa, zai ga mutumin ya sa hannu a aljihu yana laluben hankici, domin sopel a Cekanci majina ce.